Iowa, Toxicity ko Meteora: wanne ya kamata ka fara saurare?

Mutum ɗaya ne ya zauna gaban na'ura ya haɗa sautin kundayen waƙa ukun nan, wato Andy Wallace, wanda ya haɗa Nevermind na Nirvana a 1991. Amma in ka jera su ka saurara a yini ɗaya, ba za ka ce hannu ɗaya ne ya taɓa su ba. Iowa na Slipknot ya fito ran 28 ga Agusta 2001. Toxicity na System of a Down ya biyo shi da mako ɗaya, ran 4 ga Satumba. Meteora na Linkin Park kuwa sai 25 ga Maris 2003. Kowannensu ana lissafa shi a matsayin kundi na biyu na ƙungiyarsa, kuma duka ukun ana sa su a layin nu metal, salon da ya taso a Amurka a tsakiyar shekarun 1990, wanda ya gauraya jita mai nauyi da takun hip-hop, ya ajiye doguwar gwanintar jita da aka san tsohon metal da ita.

Wanda zai kashe kuɗinsa ko datarsa a kan ɗaya kawai, shawararmu ya ɗauki Toxicity. Sai dai akwai kunnen da Meteora ya fi dacewa da shi, akwai kuma wanda ba abin da zai ƙosar da shi sai Iowa, don haka bari a bi su dalla-dalla.

Abin da kunne zai fara cin karo da shi

Meteora ne mafi gajarta: waƙoƙi 13 cikin minti 36 da 'yan kai, kuma babu ko ɗaya da ta kai minti huɗu. Don Gilmore, wanda ya yi musu Hybrid Theory a 2000, shi ya sake zama furodusa tare da su, a sitidiyon NRG da ke North Hollywood. Ginin yawancin waƙoƙin iri ɗaya ne. Ana buɗewa da ɗan sautin kwamfuta ko fiyano, Mike Shinoda ya shigo da gambara a baiti, sai jitar Brad Delson ta faɗo gaba ɗaya a amshi, Chester Bennington ya ɗaga murya. Kafin amshin ƙarshe akan sa wani ɗan gurbi inda Chester yake ƙwalla ihu. Haka “Somewhere I Belong” take, haka “Lying from You” da “Figure.09”. An yanka kowane bugu an daidaita shi a kwamfuta, shi ya sa ganga da jita suke sauka tare kamar an auna da ma'auni. Jitar ba ta yawo. Aikinta ta cika fili ta tokare muryar.

Wurare uku ne kundin ya kauce wa wannan tsari, kuma su ne suka fi daɗewa a kunne. “Breaking the Habit” ba ta da gambara, ba ta da jita mai gurnani, sai bugun lantarki mai sauri da gogen Turawa da David Campbell ya tsara. “Nobody's Listening” an gina ta a kan sarewar gora ta Japan da ake kira shakuhachi. “Session” kuwa ba murya a cikinta sam, aikin Joe Hahn ne da Shinoda a kan na'ura.

Toxicity ya kai minti 44, waƙoƙi 14 da wata ɓoyayyiya a ƙarshe. Rick Rubin ya yi aikinsa tare da Daron Malakian, mai jitar ƙungiyar, da Serj Tankian, mawaƙinta, a sitidiyon Cello da ke Hollywood. Sautin Rubin busasshe ne. Ba ya son amsa-kuwwa da yawa, don haka ganga da murya suna nan dab da kunnenka, kuma in aka yi shiru, shirun na gaske ne. Saurari farkon “Prison Song”: bugu ɗaya, tsit, sannan jerin bugu. Wannan tsayawa da tashi ita ce dabarar kundin baki ɗaya. Waƙa takan canza gudu sau uku ko huɗu cikin minti biyu, kuma “X”, “Bounce” da “Shimmy” ko minti biyun ba su cika ba.

Abin da ya raba shi da sa'o'insa shi ne karin sautin. Mutum huɗun nan, Tankian da Malakian da Shavo Odadjian mai jitar bes da John Dolmayan mai ganga, duka 'yan asalin Armeniya ne da suka taru a yankin Los Angeles, kuma karin waƙar gidansu yana fitowa a jita da murya. Tankian yana iya tashi daga raɗa zuwa gurnani zuwa doguwar murya mai lanƙwasa cikin baiti ɗaya, Malakian kuma yana bin sa da siririyar murya a sama. Haɗuwar muryoyin nan biyu a ƙarshen “Chop Suey!” da cikin “Aerials” da “ATWA” ita ce abin da babu irinta a sauran kundayen biyu. A tsakiyar “Science” jita takan ja da baya a bar wa makaɗin Armeniya Arto Tunçboyacıyan fili, kuma ɓoyayyiyar waƙar ƙarshe, wadda ake kira da sunansa, an ɗauko ta ne daga waƙar cocin Armeniyawa. Kunnen da ya saba da karin waƙoƙin Larabawa ko na Turkiyya zai ji wani abu da ya sani a nan, ko da bai taɓa jin metal ba. Shi ya sa ma har yau ake gardamar ko nu metal ne System of a Down ke yi, tunda ba su da mai murza faifai kuma gambara ba ita ce ginshiƙinsu ba.

Iowa shi ne mai nauyin: waƙoƙi 14, minti 66, kuma waƙar ƙarshe ita kaɗai ta cinye minti 15. Ross Robinson, wanda ya yi wa Korn kundayensu biyu na farko, shi ya jagoranci aikin a Sound City da Sound Image a Van Nuys. Robinson mutum ne mai neman zafin ɗauka fiye da tsabtarta, ga shi kuma mutum tara ne a ƙungiyar. Jita biyu na Mick Thomson da Jim Root, bes na Paul Gray, gangunan Joey Jordison, ƙarin makaɗa biyu, Shawn Crahan da Chris Fehn, masu dukan manyan ganguna da duron ƙarfe, Sid Wilson a kan faifai, Craig Jones a kan na'urar sautuka, sai Corey Taylor da murya. Bayan kundinsu na 1999 ya yi kasuwa, mutane da yawa sun zaci za su sassauta don rediyo. Sai suka ƙara matsawa wajen death metal, reshen metal mai tsananin gudu da gurnani. Jordison yana buga gangar ƙafa da ƙafa biyu ba hutawa, yana kuma shigo da bugun nan mai tsananin sauri da ganga da faranti suke sauka kusan tare, kamar ruwan sama a kan kwano. Gambarar da aka ji a kundin farko ta ragu ƙwarai. Taylor gurnani yake yi a mafi yawan lokaci. Tsabtatacciyar murya sai a “Left Behind”, “My Plague” da wasu 'yan wurare.

Ba dukansa ne gudu ba. “Gently”, “Skin Ticket” da ita kanta “Iowa” a hankali suke tafiya, suna tara nauyi kaɗan-kaɗan, kuma su ne suka fi wahalar saurare, domin ba amshin da zai ba ka numfashi. Matsalar kundin tana sulusinsa na ƙarshe: bayan minti 40 na duka iri ɗaya, kunne ya gaji, waƙoƙi masu kyau irin su “Metabolic” sukan wuce ba a lura da su ba. Maganin wannan a raba shi zama biyu, a tsaya bayan “Left Behind”, wadda ita ce ta takwas.

Kalmomin da ke ciki

Wannan shi ne abin da zai yanke wa mutane da yawa hukunci tun kafin a zo maganar sauti. Meteora ba ashar a cikinsa, kuma bai fito da tambarin gargaɗin iyaye ba. Ana iya kunna shi a mota da yara a baya. Amma rashin ashar ba ya nufin sauƙin zance: ƙunci ne, da zargin kai, da jin an gaza cika burin wani, da neman rabuwa da mugun hali. An rubuta shi da “ni” da “kai” ba tare da ambaton suna ko wuri ba, abin da ya sa matasa a ƙasashe da yawa suka ji kamar da su ake.

Toxicity yana da ashar jefi-jefi, kuma yana da waƙoƙin da ba na zaman iyali ba: “Bounce” zancen batsa ce a lulluɓe, “Psycho” tana magana a kan hodar iblis da matan da ke bin mawaƙa, “Needles” ma ba ta rasa ƙazamin lafazi. A gefe guda, shi kaɗai ne cikin ukun yake fuskantar duniya. “Prison Song” tana sukar yawan fursunoni a Amurka da yadda yaƙi da ƙwaya ya cika gidajen yari, har Tankian yana karanto bayani kamar mai lacca. “Deer Dance” ta taso ne daga yadda 'yan sanda suka yi da masu zanga-zanga a taron jam'iyyar Democrat na 2000 a Los Angeles. Ya kamata kuma a san cewa ƙarshen “Chop Suey!” ya ari kalmomin da Linjila ta jingina wa Yesu a kan gicciye.

Iowa kuwa ba a ɓoye komai ba. Sunan cikakkiyar waƙar farko ma zagi ne. Akwai ashar kusan ko'ina, da barazanar kisa, da siffanta gawa, kuma “The Heretic Anthem” tana wasa da lambar 666 da Kiristoci ke dangantawa da shaiɗan, ga kan bunsuru a bangon kundin. Ƙungiyar ta yi amfani da waɗannan ne don nuna wa masana'antar kiɗa cewa ba za ta bi layi ba, amma wanda irin wannan alama ke damun zuciyarsa ba shi da dalilin tilasta wa kansa. 'Yan ƙungiyar da bakinsu sun sha faɗin cewa lokacin ɗaukar kundin shi ne mafi muni a rayuwarsu, ga shaye-shaye ga rashin jituwa, kuma ana jin hakan. Ihun da ke buɗe kundin, a “(515)”, na Sid Wilson ne bayan rasuwar kakansa. Mutumin da yake cikin matsananciyar damuwa ya jinkirta wannan kundi.

Yadda aka karɓe su

Matsayi a jadawali yana ruɗarwa in ba a duba makon ba. Iowa ya sayar da kwafi kimanin 255,000 a makon farko a Amurka, amma na uku ya zo a Billboard 200, jadawalin cinikin kundaye na Amurka, saboda a makon ne kundin Aaliyah ya hau sama bayan rasuwarta a haɗarin jirgi, Mary J. Blige kuma tana biye. A Birtaniya na ɗaya ya zo, abin mamaki ga kundi mai wannan zafi. Toxicity ya sayar da kimanin 220,000, ƙasa da na Iowa, amma ya zo na ɗaya, kuma yana kan wannan matsayi aka kai harin 11 ga Satumba. Kamfanin gidajen rediyo na Clear Channel ya sa “Chop Suey!” cikin jerin waƙoƙin da ya shawarci tashoshinsa su kauce musu, saboda amshinta yana ambaton kashe kai. Tankian ya ƙara jawo wa kansa suka da wata maƙala da ya wallafa kwanaki kaɗan bayan harin, inda ya danganta lamarin da siyasar man fetur ta Amurka. Duk da haka waƙar ba ta mutu ba. Bidiyonta ya haye kallo biliyan ɗaya a YouTube a 2020. A kakar 2001 ɗin Slipknot da System of a Down suka zagaya Amurka tare, suna jagorantar rangadi ɗaya.

Meteora ya fi su ciniki nesa ba kusa ba: kwafi kimanin 810,000 a makon farko, na ɗaya a Amurka da Birtaniya. Amma masu sharhi sun fi yi masa sanyi. A Metacritic, inda ake tara makin sharhi, 62 ya samu cikin 100, Iowa 68, Toxicity 73. Ƙorafin da aka fi maimaitawa shi ne Hybrid Theory aka sake yi, kuma ƙorafin yana da tushe. Abin da masu sharhin lokacin ba su hango ba shi ne daɗewar “Numb”, wadda aka haɗe da waƙar Jay-Z a 2004 har ta ci Grammy a 2006, kuma ta wannan hanya ce masu sauraron hip-hop da yawa suka fara jin Linkin Park. A Grammy ta 2002 kuwa “Left Behind” da “Chop Suey!” sun kara a rukuni ɗaya na metal, ƙungiyar Tool ta kwashe kyautar.

Na'urar da za ka saurara da ita

A nan ne mutane suke yanke wa kundi hukuncin da bai cancanta ba. Tsirkiyar jita mafi kauri a ɗaurin da aka saba tana kaɗawa sau 82 a daƙiƙa. Linkin Park a waƙoƙi da dama sun sassauta ta zuwa kusan 69, System of a Down zuwa 65, Slipknot zuwa kusan 62, wani lokaci ma ƙasa da haka. Jitar bes tana rabin waɗannan lambobi. Lasifikar waya ba ta iya fitar da sauti mai zurfin nan; abin da take ba ka shi ne saman sautin kawai. Meteora yana tsira a lasifikar waya domin murya ce a gaba kuma karin yana sama. Toxicity yana rasa nauyinsa amma tsarinsa yana nan. Iowa kuwa yakan koma shuuu kamar ana soya abu, domin an cire masa ƙasa an bar faranti da ƙarar jita. Duk wanda ya ce Iowa hayaniya ce kawai, a tambaye shi da me ya ji shi.

Iyafis mai toshe kunne da roba ya wadatar ga Meteora da Toxicity, in dai robar ta zauna daidai. In iska tana shiga, zurfin ya tafi. Iowa ya fi son babban abin saurare mai rufe kunne ko lasifika biyu da aka raba hagu da dama, saboda jitar Thomson da ta Root da ƙarin gangunan an baza su gefe-gefe ne. Ƙaramar lasifikar Bluetooth mai baki ɗaya tana tara su wuri guda su danne juna.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙara bes a saitin waya. A Iowa wannan yana kumbura yankin sautin da ke kaɗawa sau 200 zuwa 300 a daƙiƙa, inda jita biyu da bes da ganguna suka riga suka cunkushe, sai bugun ƙafar Jordison ya narke ya zama gunji ɗaya. Bar saitin a miƙe. In faranti yana sukar kunne, rage yankin 3,000 zuwa 4,000 kaɗan. Duka ukun an matse sautinsu sosai yadda aka saba a farkon shekarun 2000, don haka suna da ƙarfi tun a ƙaramin juyi. Ƙa'idar masu kula da lafiyar ji ita ce awa takwas a desibel 85 (ma'aunin ƙarfin sauti), kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. In ka cire iyafis ka ji kunnenka yana ƙara, ka wuce iyaka.

Wajen saukewa, fayil mai ingancin kilobit 320 a daƙiƙa yana cin kusan megabait 2.4 a minti: Meteora kimanin 88, Toxicity 106, Iowa 159. A 128 kuwa kimanin 35, 42 da 64. Meteora yana jure 128. Iowa ba ya jurewa, domin matse fayil faranti yake fara lalatawa, sai ka ji su suna wani ruwa-ruwa. In data ta yi kaɗan, gara a sauke rabin kundin da kyau.

A kula da bugun da ake ɗauka. “My Plague” tana da wani haɗi na daban da aka yi wa fim ɗin Resident Evil a 2002, wanda aka rage wa gurnani. Ba shi ne na cikin kundin ba. Akwai tarin waƙoƙin da suka ɓulla a intanet da sunan Toxicity II: ragowar ɗauka ne da ba a kammala ba, waɗanda ƙungiyar ta gyara ta fitar a Nuwamba 2002 da sunan Steal This Album! Bugun cika shekara 20 na Meteora, na Afrilu 2023, yana ɗauke da “Lost” da tarin gwaje-gwaje da wasannin dandali, ya ninka asalin sau da yawa. Sabon mai saurare ya fara da waƙoƙi 13 ɗin.

Ga mai koyon jita ko ganga

Meteora ne makarantar farko. Sassauta duka tsirkiyoyi shida da rabin mataki, sannan ka ƙara sassauta mai kaurin da cikakken mataki. Tsirkiyoyin da aka saba sayarwa, masu kaurin 10 zuwa 46, za su ɗauka. Da yatsa ɗaya a kan tsirkiyoyi ukun masu kauri za ka kama yawancin amshin.

Toxicity yana bukatar a sauke duka da cikakken mataki, mai kaurin da mataki biyu. Nan 11 zuwa 54 ya fi. Hannun hagu ba shi da wahala sosai. Aikin yana hannun dama, wajen danne tsirkiya da gefen tafi da tsayawa cak. In shirun bai fita tsaf ba, waƙar ta lalace. Waƙar “Toxicity” kanta a kan ƙirga shida take tafiya, kamar “From the Inside” ta Meteora, kuma mai ganga zai ƙaru da ita fiye da kowace waƙa a kundayen uku.

Iowa sai an sauke duka da mataki ɗaya da rabi, mai kaurin da biyu da rabi. In aka yi haka da 10 zuwa 46, tsirkiya takan yi laushi, ta riƙa dukan ƙarafan wuyan jita, kuma duk bugu mai ƙarfi sai sautin ya haura kafin ya dawo. Ana bukatar 12 zuwa 56 ko fiye, a ɗan faɗaɗa ramukan da tsirkiya ke kwanciya a kan wuya, a sake daidaita tsawonta a gada. A rage gurnanin amfilifaya ƙasa da yadda kunne ke zato. Nauyin da ake ji a kundin daga jita biyu masu sauka tare yake zuwa, kuma gurnani mai yawa yana haɗiye saurin hannu.

Gwajin minti goma

Kafin ka sayi ko ɗaya, saurari “Faint” ta Meteora, sannan “Chop Suey!”, sannan “Left Behind”, da iyafis, a jere. In ihun tsakiyar “Faint” ya ishe ka, tsaya a Meteora. Shi ne kuma zaɓin wanda ya fito daga hip-hop, ko yake son abin da zai kunna a gaban kowa. In canje-canjen “Chop Suey!” sun sa ka mayar da ita baya don ka gane abin da ya faru, Toxicity naka ne, kuma shi ne wanda za ka ci gaba da tsintar sabon abu a cikinsa bayan saurare na ashirin. In kuwa “Left Behind” ta yi maka sauƙi, ka tuna ita ce mafi laushi a Iowa. Ƙara da “Disasterpiece” kafin ka biya kuɗi.